Kafin ka sayi maganin ƙarfin maza ko kayan mata: matakan gyara shimfiɗar aure daga tushe

Tambayoyin da ma'aurata suka fi turowa kusan iri ɗaya ne, sai dai kowa da yadda yake lulluɓe tasa. Magidanci zai ce basir ya sa shi a gaba, ba ya iya taɓuka komai da dare. Wani ya ce yana farawa yake kawowa. Uwargida za ta ce tun da ta haihu sha'awa ta ɗauke mata, ko kuma zafi take ji lokacin saduwa, ta sha tsumi ta ci gumba amma shiru. Dukansu da tambaya ɗaya suke rufewa: wane magani zan saya?

Magani shi ne na ƙarshe a jerin da zan kawo. Abin da ke faruwa a shimfiɗa ya rataya ne a kan lafiyar jijiyoyin jini, da barci, da yawan sukari a jiki, da kuma yadda mutum biyu suke zaune da juna tun da rana. Wanda ya tsallake waɗannan ya tafi wurin mai magani, zai yi ta kashe kuɗi, matsalar kuma tana nan tana girma. Tsarin nan na wata uku ne. Kayan aikinsa ba su da yawa: ƙaramin littafi da biro, tef ɗin awo na tela, takalmi mai daɗin tafiya, da ɗan kuɗin gwaji. A bi shi daki-daki, domin an jera shi ne da dalili.

1. Ku fara gane wace matsala ce

Ɗauki sati biyu kana lura kana rubutawa. Matsalolin da ake haɗawa a kira su rauni sun bambanta, kowace da hanyar gyaranta: akwai rashin sha'awa gaba ɗaya, akwai wanda sha'awar tana nan amma gaba ba ya miƙewa, ko ya kwanta ana tsaka da saduwa, akwai saurin kawowa, ga mace kuma akwai bushewa, akwai zafi, akwai rashin kaiwa ga gamsuwa.

A littafin, rubuta ƙarfe nawa ka kwanta da ƙarfe nawa ka tashi, abin da ka sha bayan la'asar, da duk maganin da kake sha ko na asibiti ko na gargajiya. Maigida ya ƙara abu uku. Shin yana tashi da asuba da miƙewar gaba? Shin matsalar dare ɗaya ta faɗo ko a hankali ta yi ta zuwa? In mai mata fiye da ɗaya ne, a ɗaki ɗaya take faruwa ko a duka? Wanda yake samun miƙewa da asuba, kuma abin ya zo masa kwatsam ko a ɗaki ɗaya kawai, galibi damuwa ce ko fargaba ko wani saɓani da ba a warware ba. Wanda kuwa abin ya yi ta raguwa shekara da shekaru, har na asuba ya ɗauke, ya fi kama da matsalar jijiyoyin jini ko ciwon suga.

Gargaɗi: kasawa sau ɗaya ko biyu bayan wuni a Kantin Kwari da cunkoson hanyar dawowa gida ba ciwo ba ne. Likitoci ba sa kiransa ciwo sai ya daɗe kamar wata uku yana maimaituwa. Haka batun daɗewa. Wani bincike da aka buga a 2005, wanda aka yi a ƙasashe biyar da agogo a hannu, ya samu matsakaicin lokaci daga shiga zuwa inzali minti 5.4 ne. Saurin kawowa da ake yi wa magani shi ne na kusan minti ɗaya, wanda mutum ba ya iya riƙewa kuma yana damun su biyun. Labarin awa guda da ake bayarwa a majalisa ya jefa maza da yawa cikin shan ƙwaya alhali lafiyarsu ƙalau.

Sai batun basir, wanda kusan kowane magidanci a Kano da shi yake fara zargi. Basir kumburin jijiyoyin dubura ne, yana sa zafi ko jini lokacin bayan gida, amma ba shi ke hana gaba miƙewa ba. Jiƙe-jiƙen da ake sha don a wanke shi gudawa suke sawa, su bar mutum a galabaice. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne shekarun da ake ɓatawa ana maganin basir alhali suga ne ke cin mutum. In kana ganin jini a bayan gida, wannan na likita ne ya duba, ba na jarka ba.

2. Gwaji uku kafin ka taɓa komai

Su ne hawan jini, da sukarin jini, da faɗin ƙugu. Miji da mata duka za su yi.

Hawan jini: zauna minti biyar ka huta, ka jingina bayanka, hannu a kan tebur. Kada ka ci goro, ka sha shayi mai kauri ko taba rabin awa kafin awon. A auna a ranaku daban-daban, kada a yanke hukunci da awo ɗaya. In yana kai 140/90 ko sama da haka a kai a kai, hawan jini ne. Wannan awon yana da arha, ana yin sa a asibitin sha-ka-tafi na unguwa da manyan kemis. Gidan da akwai mai hawan jini, sayen na'urar awon ta hannu sau ɗaya ya fi sauƙi a kan zirga-zirga.

Sukari: a yi da safe kafin karyawa, bayan aƙalla awa takwas ba a ci komai ba sai ruwa. Sakamakon 126 ko sama a ma'aunin mg/dL, wato 7.0 a ma'aunin mmol/L, yana nuna ciwon suga in an maimaita an sake samun haka. Tsakanin 100 da 125 kuwa mutum yana bakin ƙofa. Akwai gwajin HbA1c da ke nuna yadda sukari ya kasance a wata biyu zuwa uku da suka wuce. Ya fi tsada, amma ba ya buƙatar azumi, kuma 6.5 ko sama alamar ciwon ce.

Ƙugu: da tef ɗin tela, a zagaya daidai wajen cibiya bayan an fitar da numfashi. Namiji kada ya wuce santimita 94, wato inci 37. Mace kada ta wuce 80, wato inci 31 da rabi. Kuskuren da ake yi shi ne a auna ƙarƙashin tumbi inda ake ɗaura wando, ko a ce ai tela ya san awona. Babbar riga da zani suna ɓoye abubuwa da yawa.

Me ya haɗa waɗannan da shimfiɗa? Miƙewar gaba aikin jini ne. Jijiyoyin da ke kai jini gaban namiji faɗinsu milimita 1 zuwa 2 ne, na zuciya kuma 3 zuwa 4. Kamar yadda ƙaramin bututun ruwa ke riga babba toshewa, haka kitse da suga da hawan jini suke fara nuna ɓarnarsu a nan, shekaru kaɗan kafin su kai ga zuciya. Saboda haka ɗan shekara arba'in da ya ga rauni, jikinsa ne ke yi masa gargaɗi da wuri, kuma wannan dama ce da bai kamata a rufe ta da ƙwaya ba. Mace mai suga ita ma tana fama da bushewa da yawan ƙaiƙayin gaba da ke dawowa bayan an yi magani.

Tun da an je ɗakin gwaji, a haɗa da na ƙanjamau da na ciwon hanta. A 2024 gwamnatin Kano ta sa hannu a dokar da ta wajabta irin waɗannan gwaje-gwaje, har da na sikila, kafin ɗaura aure. Waɗanda suka yi aure kafin dokar su ma suna da buƙata, musamman gidan da aka ƙara aure. Ma'aikacin da ke cikin tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha, KSCHMA, ya fara tambaya a asibitin da ya yi rajista kafin ya biya daga aljihunsa.

Gargaɗi: wasu magungunan hawan jini irin su atenolol da propranolol da masu sa fitsari, da wasu magungunan damuwa, suna rage ƙarfi ko sha'awa. Kada ka daina sha da kanka. Daina maganin hawan jini kai tsaye na iya jawo shanyewar ɓarin jiki. Kwashi kwalayen ka kai wa likita, ka faɗa masa abin da ka lura. Akwai waɗanda zai iya canja maka da su.

3. Ajiye abubuwan da ke rusa ka

Wannan mataki ya riga barci da abinci ne saboda duk gyaran da aka yi ana shan waɗannan, aikin banza ne.

Tiramol shi ne na farko. Matasa da magidanta da yawa sun fara shi ne don su daɗe, kuma da farko yana jinkirta inzali, shi ya sa tarkon yake kamawa. Daga baya jiki ya saba, a ƙara yawa, sha'awa ta mutu, gaba ya daina miƙewa, wani ma ya fara faɗuwa kamar mai farfaɗiya. Kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin tarinsa da shigo da shi a 2018, danginsa ne kuma ɓarnarsu ɗaya. Wannan bai tsaya ga maza ba. Akwai matan aure da ke sha a ɓoye don su manta da damuwar gida.

Gargaɗi: wanda ya daɗe yana shan tiramol kullum kada ya yanke rana ɗaya shi kaɗai a ɗaki. Ana rage shi ne a hankali ƙarƙashin kulawar likita. Asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano suna wannan aiki, kuma zuwa can ba hauka ba ne.

Taba tana ƙuntata jijiyoyin jini kai tsaye. Shisha da ake ɗauka ƙamshi ce kawai, zaman awa guda a kanta na iya sa mutum ya zuƙi hayaƙin da ya ninka na karan sigari ɗaya sau 100 ko fiye. Giya da wiwi su ma suna cikin jerin.

Sai maganin ƙarfin maza na mota mai lasifika, da na bakin tasha, da na leda marar suna da ake tallatawa a TikTok. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi cewa ana cakuɗa irin waɗannan da sildenafil, sinadarin da ke cikin Viagra, ba tare da an rubuta ba. Kana ganin sassaƙe ne ko zuma, alhali ƙwayar bature ce aka daka a ciki, ba ka kuma san adadinta ba. Mai ciwon zuciya da ke shan magungunan naitiret, irin wanda ake sawa ƙarƙashin harshe in ƙirji ya riƙe, in ya haɗa su da sildenafil jininsa na iya faɗuwa warwas har ya rasa ransa.

Gargaɗi: miƙewar da ta kai awa huɗu ba ta kwanta ba, a tafi sashen gaggawa a daren, ko a asibitin Murtala ko na Nassarawa ko na Malam Aminu Kano. Jinkiri na kashe naman wurin har abada. Masu sikila sun fi kowa fuskantar wannan ko ba su sha komai ba, don haka su nisanci duk wani maganin ƙarfi da ba likitansu ya rubuta ba.

4. Gyara barci

Babba yana buƙatar awa 7 zuwa 9. Lissafin Kano mai sauƙi ne: wanda zai tashi sallar asuba wajen ƙarfe biyar, in ya kai sha biyu da rabi a majalisa ko teburin mai shayi, awa huɗu da 'yan mintuna ya samu. A jami'ar Chicago ta Amurka an taƙaita wa samari masu lafiya barci zuwa awa biyar na sati ɗaya kacal, sinadarin mazantakarsu ya ragu da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. An buga sakamakon a 2011. Samari ke nan, ina ga ɗan hamsin.

Abin yi: sa wa kanka lokacin shiga gida, awa ɗaya ko ɗaya da rabi bayan isha'i. Goro, Nescafé, shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari su tsaya daga la'asar. Waya ta kwana a wurin caji nesa da gado. Ƙailula ta minti ashirin zuwa talatin bayan azahar tana cike gurbi, amma in ta zarce awa za ta cinye barcin dare. A watannin zafi, daga Maris zuwa Mayu, ga rashin wuta, wanka kafin kwanciya da buɗe taga da gidan sauro suna taimakawa.

Uwargida ita ce ta fi kowa bashin barci, ita da ke kwanciya bayan kowa ta tashi kafin kowa, ga goyo. Maigida, in kana son ka same ta da kuzari, ɗauke mata wani abu: ka kwantar da yara, ko a sauƙaƙa girkin dare, ko a samo mai taya ta aiki.

Gargaɗi: mai minshari mai ƙarfi wanda matarsa ke jin numfashinsa na ɗaukewa ya dawo da shaƙuwa, kuma yana gyangyaɗi da rana, ya faɗa wa likita. Ciwo ne da ke tafiya tare da hawan jini da raunin gaba.

5. Tafiya a ƙasa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a sati, wato rabin awa sau biyar. Tafiya mai sauri ta isa, irin wadda za ka iya magana amma numfashinka ya ɗan ɗaga. Bayan sallar asuba ya fi, kafin rana da hayaƙin adaidaita sahu. Na kusa da Filin Sukuwa, ko filin Mahaha, ko filin wasa na Sani Abacha a Ƙofar Mata suna da wuri. Sauran kuma layin unguwa ya wadatar. Fara da minti goma sha biyar a satin farko, ka riƙa ƙara biyar. Matar da fita ke yi mata wuya ta zagaya tsakar gida da sauri, ko ta yi tsallen igiya in ba ciki ko ciwon gwiwa. Aikin gida yana gajiyarwa, amma yawancinsa a tsaye ko a duƙe ake yi, ba ya maye gurbin wannan.

Akwai hujja a kan amfaninsa. A Italiya an bi maza masu ƙiba da raunin gaba shekara biyu suna rage nauyi da motsa jiki, a sakamakon da aka buga a 2004 kusan ɗaya cikin uku ya dawo daidai ba da ƙwaya ba.

A haɗa da atisayen tsokar ƙasan mara, wadda mutum ke matsewa in yana riƙe fitsari ko iska. A matse ta daƙiƙa biyar, a saki daƙiƙa biyar, sau goma, sau uku a rana. Yana taimaka wa mace bayan haihuwa, yana taimaka wa namiji wajen riƙe inzali. Kada a riƙa yin sa ana tsaka da fitsari, kuma kada a riƙe numfashi.

Gargaɗi: wanda ƙirjinsa ke ciwo ko numfashi ke gagararsa in ya hau bene, ya ga likita kafin ya fara, kuma kafin ya matsa wa kansa a shimfiɗa.

6. Kwanon abinci

Ba sai an sayi wani abu na musamman ba. Abincinmu na gero da dawa da wake, da zogale da rama da kuɓewa da kuka, sun fi farar shinkafa da taliya da burodi da suka mamaye gidaje. Raba faranti: rabi ganye da kayan lambu, kwata wake ko kifi ko ƙwai ko nama, kwata tuwo ko shinkafa. Sarin kayan miya da ganye a 'Yankaba, da kayan marmari a 'Yan Lemo, ya fi sayen ɗai-ɗai arha in maƙwabta sun haɗa kuɗi.

Wurare biyu aka fi yin ɓarna. Na farko sukarin da ake sha: lemon kwalba, shayi mai cokali huɗu da madarar gwangwani, zoɓo da kunun aya da fura da aka cika wa sukari. Iyakar da aka shawarta ita ce kada a wuce gram 50 a rana, kimanin ƙaramin cokali 12, in an tsaya a rabin haka ya fi. Na biyu gishiri: ƙasa da gram 5 a rana, ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen magi da yajin tsire. A rage dunƙule a ƙara daddawa da citta da tafarnuwa.

Dabino da aya da kwakwa da kankana abinci ne masu kyau, a ci. Amma haɗin da ake yi musu da zuma da madara da mazarƙwaila a sha kofi biyu kullum da sunan ƙarin ni'ima, ga mai suga guba ce a hankali. Haka cika ciki da gurasa da balangu ƙarfe goma sha ɗaya na dare: barci zai kawo, ba kuzari ba. A ci abincin dare da wuri, a sassauta.

7. Ke uwargida: bushewa, zafi da ciwon sanyi

Bushewar gaba lokacin shayarwa abu ne da aka sani, sinadarin da ke kawo nono yana danne wanda ke kawo ni'ima, kuma ni'imar tana dawowa in an rage shayarwa ko an yaye. Haka in mace ta doshi ɗaukewar al'ada, yawanci tsakanin shekara 45 da 55. Ba laifinki ba ne, ba kuma alamar kin daina son mijinki ba ce. Abin da ke aiki nan take shi ne man santsi mai tushen ruwa da ake sayarwa a kemis, irin su K-Y Jelly, tare da a ba wasa lokacinsa. Kada a sa Vaseline ko man shafawa mai turare. Suna jawo ƙaiƙayi, mai kuma yana fasa kwaroron roba. Wadda al'adarta ta ɗauke kuma zafin ya ƙi, likitan mata na da man da ake rubutawa.

Gargaɗi mafi girma a nan shi ne matsi. Alif, kanwa, miskin da ba a san haɗinsa ba, garin magani da ake cusawa, duk suna busar da wurin ne su sa shi kumburi, shi ne ake ji kamar ya matse. Fatar ciki tana tsagewa, ƙwayoyin cuta su samu hanya, wani lokaci wurin ya yi tabo ya toshe. Cikin gaba yana wanke kansa da kansa. A wanke waje da ruwa kawai. Ban da Dettol, ban da sabulu a ciki, ban da tura ruwa. A sa kamfai na auduga, a shanya shi a rana.

Ruwa mai wari ko mai launi, ƙaiƙayi, ciwon mara, zafin fitsari ko ƙuraje, duk ana ce musu sanyi, alhali cututtuka ne daban-daban da magani daban-daban. A je a ɗauki ruwan a gwada. Kuskuren da ya zama ruwan dare shi ne sayen kafso biyu a kemis a sha, ƙaiƙayi ya lafa a daina. Wannan ke sa cutar ta ƙi jin magani, ta hau mahaifa, har ta toshe hanyar ƙwai. In gwaji ya nuna cutar da ake ɗauka ta saduwa ce, dole a yi wa miji magani, da duk matan gidan a lokaci guda, a kuma dakata da saduwa har a gama. In an bar mutum ɗaya, rabon kwana zai dawo da ita kowane ɗaki.

Bayan haihuwa, cikar arba'in ba ita kaɗai ce sharaɗi ba. Wadda aka yi wa ƙari ko ɗinki ko tiyata, a bari ta warke, a duba ta a asibiti, a kuma tattauna tazarar haihuwa. Fargabar sabon ciki da jariri a hannu tana kashe sha'awa fiye da yadda maza ke zato.

8. Ku yi magana, ku canja yadda kuke yi

An yi mana tarbiyya da kunya, kuma abu ne mai kyau, amma tsakanin miji da mata ta kan zama katanga. Shekara goma ana tare, ba wanda ya taɓa ce wa ɗan'uwansa ga abin da nake so, ga abin da ke min zafi. Zaɓi lokacin da ba a shimfiɗa ba, ba kuma bayan an kasa ba. Fara da kanka: "Maman Abba, kwanan nan ina jin jikina ba daidai ba, ina so mu je awo tare." Ita kuma: "Baban Abba, ina jin zafi tun haihuwar nan, ka ɗan riƙa ba ni lokaci." Gori, ko kwatanta shi da wani, ko kwatanta ta da abokiyar zamanta, dare ɗaya yana rusa aikin wata uku.

Jikin mace ya fi na namiji ɗaukar lokaci kafin ya shirya, kuma mata da yawa ba sa kaiwa ga gamsuwa da shiga kaɗai sai da wasa da hannu da tausasawa. Yawancin abin da ake nema a kayan mata yana cikin wannan lokacin da ake tsallakewa. Wanka, goge baki da tsaftar jiki a kan ku biyun ne, ba ita kaɗai ba.

Ga mai fargabar kasawa: ku yarda ku yi sati biyu kuna kusantar juna da runguma da tausa ba tare da nufin saduwa ba. In aka cire tsoron jarrabawa, jiki kan dawo da kansa. Ga mai saurin kawowa: in ka ji ka kusa, ka tsaya cak har abin ya lafa, sannan ka ci gaba, sau uku kafin ka bari ya zo. Yana buƙatar makonni da haƙurin uwargida. Ku kuma duba lokaci. Wanda dare ke samunsa a gajiye, bayan ya yi barci ya farka ya fi masa. Yaran da suka yi wayo a raba musu wurin kwana, ƙofa kuma a sa mata sakata.

Gargaɗi: kallon batsa a waya yana sauya abin da mutum ke tsammani daga jikinsa da na iyalinsa, ban da haramcinsa. Takurawa kuma, ko da magana ce ko fushi, tana mayar da shimfiɗa wurin tsoro. Wadda ke cikin baƙin ciki mai nauyi bayan haihuwa, ko magidancin da bashi da karayar kasuwa suka hana barci, wannan damuwar ita ce abin fara yi wa magani.

9. Bayan wata uku, ko kafin nan in ga waɗannan alamu

Sake auna ƙugu, hawan jini da sukari, ka kwatanta da shafin farko na littafinka. In an samu sauyi, a ci gaba. In babu, lokacin likita ya yi: namiji likitan mafitsara, a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko cibiyar mafitsara ta Abubakar Imam, mace likitan mata, kuma tana da damar neman mace ta duba ta. Asibitin gwamnati ya fi sauƙin kuɗi amma sai an yi sammako an bi layin kati. Na kuɗi ya fi sauri. Tafi da littafin, da sakamakon gwaji, da duk abin da kake sha har da na gargajiya a ledarsa. In an ce a gwada sinadarin mazantaka, da safe ake ɗibar jinin, kafin ƙarfe goma. In likita ya rubuta sildenafil, a saya a kantin magani mai rajista, a sha adadin da ya ce kamar awa ɗaya kafin saduwa, ba fiye da sau ɗaya a rana ba, kuma a sani ba ya aiki sai da sha'awa. Abinci mai maiƙo yana jinkirta shi.

Kada a jira wata ukun in akwai ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi lokacin saduwa, jini bayan saduwa ko bayan al'ada ta ɗauke, jini a maniyyi ko fitsari, ƙullutu a maraina ko a nono, gyambo a al'aura, lanƙwashewar gaba mai zafi, ko yawan ƙishirwa da fitsarin dare tare da rama. Waɗannan a kai su asibiti a cikin satin da aka gan su.